Kafin Ki Ba Masu Jirgin Amsa

Yola,
ranar Talata.

Zuwa ga autata Dudu,

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kuma kewaye ta da ruwa. Amincinsa ya tabbata a gare ki da gidan da kika kwana a ciki. Ina gaishe ki, ina gaida yayanki, Hammanki Bello, da iyalinsa a unguwar Karewa ta Jimeta, da fatan kun tashi cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kuka mayar abin tattaunawa a cikin dangi.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga Yola zuwa Jimeta, tafiyar da Keke Napep ke yi kafin shayi ya huce. Dalilin shi ne bakina bai yi mini adalci ba ranar Juma'a, alƙalami kuwa bai taɓa ba ni kunya ba. Kin zo mini da labarin cewa masu wani babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido sun ɗauke ki aiki. Ke ce za ki riƙa tara matafiya kafin su sauka a kowane gari, ki bayyana musu al'adun mutanen wurin: yadda ake gaisuwa, irin suturar da ta dace, abin da ake ci da abin da ba a yi. Kin ce suna jiran amsarki kafin makon nan ya fita. Da kika nemi ra'ayina, na ce miki, "Yadda kika gani." Sai kika haɗa 'yar jakarki kika tafi gidan Hammanki, jiya kuma ya kira ni ya ce kin yanke shawarar ce musu a'a, sai fa idan na yarda na rufe gidana na koma Karewa da zama.

Ba zan koma Karewa ba, kuma ba za ki ce musu a'a ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya ki fara gardama. Ba ni da dukiyar da zan yi miki guzuri da ita, amma ina da kurakurai masu kyau, waɗanda na biya kuɗinsu da kunyata, kuma dukkansu sun shafi aikin da za ki yi.

Na farko ya same ni a kan ruwa. Ina sabuwar amarya, kuma sabuwar malamar makaranta, a zamanin da jiragen kamfani ke hawowa Binuwai da damina su loda gyaɗa da auduga a bakin ruwan Jimeta. Aka tura mahaifinku, Allah ya jiƙansa, aiki Makurɗi, ya ce mu bi ruwa tunda hanyar mota ta lalace. Tun kafin mu wuce Numan ruwan sama ya jiƙa guzurina na gumba da dambun nama, ya zama abin da ko kaza za ta yi tunani kafin ta ci. A cikin jirgin akwai wata 'yar kasuwa daga Lakwaja, babbar mace mai yawan dariya, kowa na ce mata Iya. Tana da murhun gawayi a gefe, tana dafa shinkafa da kifin da aka kama a ranar, ƙamshin kuwa ya cika jirgin har wurin matuƙi. Ta zuba a kwano ta miƙo mini.

"Amarya, zo ki ci."

"Na gode, Iya, na ƙoshi."

Kin san cewa a Yola wannan buɗe magana ce kawai. Mai gida zai sake tayi, ya haɗa ki da Allah, ya ajiye kwanon, sannan ya ƙirƙiri wani uzuri ya fita daga ɗakin don ki ci ba ido a kanki. Ina zaune ina jiran tayi na biyu, sai Iya ta ce, "To, madalla," ta miƙa wa wani ma'aikacin jirgi kwanon. Ina kallo ya cinye, har da suɗe ƙashi.

Washegari haka muka sake yi, kalma bisa kalma. Mahaifinku, wanda ya yi karatu a kudu ya kuma bar kunyarsa a can, yana gefe yana ci da hannu bibbiyu. Iya ta dube shi ta ce, "Malam, matarka ba ta cin abinci. Ko an samu ƙaruwa ne?"

Ya ce, "A'a, Iya. Pulaku take ci, kunyar nan ta Fulani, ya fi shinkafa riƙe ciki."

Ban yi masa magana ba har muka kai Ibi. A can ne yunwa ta ci ƙarfina, na ɗauki kwanona da kaina na je na tsuguna gaban murhun na ce, "Iya, yunwa nake ji." Ta saki ludayi ta ce, "To me ya hana ki faɗa, 'yar nan? Ni na ɗauka girkina kike ƙyama. Raina a ɓace yake tun Numan." Ashe abin da na ɗauka ladabi ne, ita a wurinta raini ne. Ina ta wahala don in girmama ta, ita kuma tana ta haƙuri da wulaƙancina.

Ki gaya wa matafiyanki cewa "na ƙoshi" ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. Akwai garin da karɓa a tayin farko zarin ci ne, akwai wanda ƙi a tayin farko cin fuska ne. Hanyar ganewa ita ce mutum ya lura da yadda 'yan gari ke yi a tsakaninsu kafin abin ya zo kansa. Ke kuma, ina fata kin gane inda na dosa. "Yadda kika gani" buɗe magana ce. Na zauna ina jiran ki sake tambaya, ke kuma kika ce madalla kika ɗauki jaka. Ba na ganin laifinki. Ni na raine ku a kan cewa mai ilimi yana faɗin abin da yake nufi, sannan na zo ina tsammanin ki lallashe ni irin na kakanninki.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, domin a gaban jama'a na yi shi. A lokacin an ɗaga ni zuwa mai duba makarantu, kuma ba zan ɓoye miki ba, kaina ya ɗan kumbura. Aka tura ni wani ƙauye a bakin kogi ƙasa da Numan, wanda ba a isa gare shi sai da kwale-kwale. Na ci ado da zanen da na fi ji da shi, ga tabarau, ga jakar hannu. Malamin makarantar ƙauyen, wanda ya ɗauko ni, ya tsaya ɗaure kwale-kwale yana gaisawa da masunta, ni kuwa na ji kiɗa na tashi a cikin gari sai na bi sautinsa. Na tarar da fili cike da mutane, maza da mata suna rawa a zagaye. A gindin wata tsamiya an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ɗora wata kujera ta sassaƙa mai kyau, an lulluɓe ta da farin ƙyalle, babu kowa a kai. A Yola wurin da ya fi ko'ina kyau na baƙo ne. Na ce a raina, lallai mutanen nan sun san darajar hukuma. Na je na zauna, na gyara tabarau, har ina kaɗa kai ina bin kiɗan.

Gangunan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Sai ga malamin nan a guje, gumi na zubo masa, ya durƙusa kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ki tashi a hankali."

"Saboda me?"

"Kujerar mai gidan ce."

"To ina yake, in gaishe shi?"

"Shi ake yi wa kiɗan, ranki ya daɗe. Shekaranjiya aka binne shi."

Da ƙasa tana tsagewa don tausayi, da ranar ta tsage mini. Ina miƙewa, wata tsohuwa da ke zaune cikin mata ta faɗi wata magana da harshensu, filin duka ya kwashe da dariya. Na matsa wa malamin sai ya fassara mini. Ya ce, "Matar marigayin ce. Ta ce duk tsawon rayuwarsa yana cika bakin wata rana 'yar boko za ta zo ta zauna a wurinsa, ga shi ta zo ta makara." Tsohuwar ta matsa, ta buga tabarma a gefenta, na je na zauna cikin mata. Aka ci gaba da kiɗa, ban tashi ba sai da aka gama. Makarantar ma sai washegari na duba ta, kuma ban taɓa rubuta rahoto mai sauƙin hali kamar wannan ba.

Mutanen da za ki yi wa jagora za su sauka a gari da safe su koma jirgi kafin rana ta faɗi. Wanda ke da ɗan lokaci irin wannan yakan ɗauka cewa duk gangar da ya ji dominsa ake kaɗa ta. Ki koya musu su tsaya a gefe, su yi gaisuwa, su jira a nuna musu wurin zama. Su tambaya kafin su ɗaga waya su ɗauki hoto, domin abin da suke gani kamar biki yana iya zama makokin wani. Idan kuma sun yi kuskure aka yi musu dariya, su taya a yi, kada su gudu. Dariyar tsohuwar nan gafara ce, kuma da na ruga kwale-kwale don kunya, da na ƙara mata wani laifin a kan na farko.

Bari in ɗan huta da tonon asirin kaina in yi miki maganar wuraren da za ki. Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa, ina zana gaɓar Afirka da alli ba tare da na kalli littafi ba, amma ban taɓa ganin teku ba. Hajjina ta sama na je, wurin zamana kuma a tsakiyar jirgi, ban ga komai ba sai ƙeyar wani alhaji daga Namtari. Da kika lissafa mini garuruwan da jirginku ke tsayawa, Dakar da Kasablanka da Mombasa da Zanzibar, na kau da kai ne don kada ki ga ɗokin da ya kama ni. Waɗannan sunaye ne da na sa yara suka haddace da bulala a hannuna. Idan kin je Zanzibar, ki nemi a kai ki inda bishiyar kanumfari take, ki ga yadda abin da nake jefawa a kunun gyaɗa yake kafin ya bushe. A Dakar ki shiga kasuwar yadi ki saurara, an ce akwai masu Fulatanci a can; ki gaishe su da namu ki ji ko za su gane, ki kuma gaya mini wa ya fi wani karya harshen. A kowane gari ki ci abin da masu garin ke ci matuƙar halal ne, ki bar abincin jirgi ga masu tsoron barkono. Ki shawarci matafiyanki da su koyi gaisuwar gari ko da guda ɗaya ce. Baƙon da ya yi gaisuwa da karyayyen harshe ya fi wanda ya yi shiru da cikakken aljihu samun shiga.

Za su tambaye ki daga ina kike, kuma mafi yawansu abin da suka sani game da yankinmu bai wuce abin da suka ji a labarai ba. Kada ki musanta wahalar da aka sha, amma kada ki bar ta ta zama sunanmu. Ki ba su labarin Binuwai idan ya cika ya batse, da dutsen Bagale a ƙetarensa da sassafe, da gonakin rani a bakin tafkin Geriyo, da kindirmon da cokali ke tsayawa a cikinsa. Sallarki kuma ki riƙe ta. Alƙibla a kan jirgi ba ta zama wuri ɗaya, don haka ki tambayi matuƙa ba tare da jin nauyi ba, sanin gabas shi ne abincinsu.

Kuskure na uku ba na dariya ba ne sosai, kuma shi ne ya fi kusa da maganarmu. Kin tuna shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Yola gudun hijira, wasu a mota, da yawa a ƙafa. Kina jami'a a lokacin, don haka ba ki ga farkon zaman Saratu a gidan nan ba, kin dai zo hutu kin tarar da ita a matsayin 'yar gida. Ta iso ne da 'ya'yanta, ba ta san inda mijinta yake ba, kuma har yau ba ta sani ba. Na ba su ɗakunan baya, na kuma kafa doka: baƙo ba ya taɓa tsintsiya a gidana, ba ya taɓa tukunya. Ni nake girki, ni nake kai musu har ƙofa. Ina jin daɗin kaina ƙwarai, ina ganin na cika 'yar halak. Ita kuwa sai ramewa take, ta wuni a bakin ƙofa tana kallon bango. Wata safiya na fito na tarar tana ɗaure kaya, wai za su koma sansanin da aka buɗe a wata makaranta.

Na ce, "Saratu, wa ya ɓata miki rai a gidan nan?"

Ta amsa da Hausarta ta mutanen dutse, wadda ba ruwanta da raba mace da namiji. Ta ce, "Ba wanda ya ɓata mini, Hajiya. Ka yi mini komai. Amma a gidana ni ne nake ciyar da mutane, ko baƙo ya zo da rana tsaka sai ya ci tuwona. A nan ina zaune kamar buhun masara. In hannuna ba ya aiki, kaina yana komawa can."

Sai na je na ɗauko muciya na miƙa mata. Ranar ta yi mana tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, tsaminta ya kama mini haƙora, na ce a ƙara. Daga nan ta fara magana, daga baya har waƙa take yi a bakin murhu.

Masu hawa irin jirginku mutane ne masu hali, sun saba su ne masu bayarwa. Ki nuna musu cewa idan mai ɗan shago ya miƙo musu shayi don maraba, kada su yi saurin zaro kuɗi. Su karɓa, su sha, su yi godiya, su bar shi da girmansa na mai masauki. Ke ma, a cikin abokan aikin da ba ki san su ba, idan jiri ya kama ki ko kewa ta danne ki wani ya miƙo hannu, ki kama. Na san jinin da ke jikinki, shi ya sa nake faɗa.

Wannan darasi na daɗe ina koya wa mutane shi, amma ban yi aiki da shi a kaina ba. Da na zame a tsakar gida da daminar bara, na ja jiki na shiga ɗaki na hana maƙwabta su gaya muku, kuma na san tun daga ranar da kika gano ne hankalinki ya daina kwanciya. Tsoronki yana da hujja. Maganinsa ne ba ki samo daidai ba. Gidan Hammanki gida ne mai kyau, matarsa kuma 'yar mutunci ce, amma a can za a ɗora ni a kujera a hana ni taɓa tsintsiya, in zama buhun masara mai tabarau. A nan na san muryar ladaninmu, na san wace maƙwabciya ce za ta leƙo aron turmi don ta ji gulma, kuma a nan mahaifinku ya bar ni.

Saboda haka jiya, bayan na ajiye wayar Hammanki, na yafa mayafi na hau keke zuwa Dubeli, inda Saratu ke da ɗan shagonta na hatsi. 'Ya'yanta sun girma sun watse, ita kaɗai take zaune a ɗakin haya. Tana ganina ta ajiye mudu.

"Hajiya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Roƙo na zo yi."

"Kai? Roƙo? Tsaya in zauna tukuna."

Na ce, "Dudu za ta tafi aikin teku. Ina so ki dawo gidana mu zauna tare. Ba taimakonki zan yi ba, ni ce mai bukata."

"Sake faɗi, kunnena ya tsufa."

"Kin ji ni sarai."

"Na ji. Daɗinsa nake so in ƙara ji."

Na sake faɗa, a gaban masu sayen gero, har wata ta daina awo tana kallonmu. Sai ta jero mini sharuɗɗa kamar mai sayar da gona. Madafa tata ce, ba na shiga sai da sallama. Ran Lahadi za ta tafi coci, kuma matan zumuntarsu za su riƙa kawo mata ziyara, in shirya jin waƙa. Idan gwiwa ta motsa in faɗa da bakina. Ta ƙara da cewa, "In ka sake faɗuwa ka ɓoye, zan fita titi in yi ihu har Jimeta su ji." Ni ma na kafa nawa: ba a taɓa mini littattafai, kuma rediyo yana zama a tashar da na bar shi. Muka shirya a kan haka, ta auna mini wake ta ce kyauta ne, na karɓa ba tare da na buɗe jaka ba.

To, Dudu, ba ni kaɗai za ki bari ba, kuma ba ki da sauran hujja. Ki kira mutanen nan yau ki ce musu kin amince. Zan rubuta abin da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba: ina so ki tafi, ina alfahari da cewa ke suka zaɓa, kuma zan yi kewarki fiye da yadda zan taɓa nunawa. Idan ranar tafiya kika ga fuskata a ɗaure ina yi miki faɗa a kan ɗaurin akwati, kada ki sake fassara ni da kuskure.

Saratu za ta tare ran Asabar. Ki zo da wuri ki kwashe kayanki zuwa ɗakin baya, domin naki na ba ta. Ya fi iska, kuma yana jikin nawa, za ta ji ni ko tari na yi.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ya kwantar miki da ruwa, ya tsare ki daga sharrin iska da na mutum, ya haɗa ki da masu masauki na gari a duk gaɓar da kika taka. Ya sa ki zama sanadin da baƙi za su girmama mutanen da suka je gani. Ya yi miki albarka a tafiyarki da zamanki da dawowarki, ya kuma ba mu aron rai mu sake zama a tabarma ɗaya. Amin.

Ni ce,
mahaifiyarki, Dadarki.